Ragon da Malam Ya Yanka a Fas

Mijina ya yi shekaru da yawa yana koya wa mutanen karkara yadda ake layya, daga wani ɗaki mai sanyi a tsakiyar Landan. Aikin rediyo ne ya kawo mu ƙasar nan. Duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato sai ya gyara murya, ya yi wa makiyayan da aka haifa a cikin tumaki bayanin ragon da ya halatta da wanda bai halatta ba: kada ya zama mai ido ɗaya, kada ya zama gurgu, kada ya zama ramamme. Idan ya gama sai ya hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya sauka ya hau bas, ya tsaya a shagon mahauci a unguwarmu ta Peckham. Nan ake miƙo masa layyarsa a leda, bayan Sallah ta riga ta wuce. Ragon nan bai taɓa sa shi a ido ba. Ko mai ido ɗaya ne, ko ma tunkiya ce, Allah kaɗai ya sani.

Ni kuwa ledar nan ita ce babbar ni'imar da na samu a Ingila, gaba da wutar da ba a ɗaukewa. A babban gida na tashi, na san abin da ake kira Babbar Sallah a ɓangaren mata. Namiji ya kwantar da rago, ya ja wuƙa sau ɗaya, ya wanke hannu, ya zuba babbar riga ya tafi gaishe-gaishe. Daga nan sauran namu ne: wankin hanji, kankarar tumbi, babbakar kai da ƙafa, sannan suya har idonki ya koma garwashi. Saboda haka duk shekarar da Malam ya kalli ledar ya yi ajiyar zuciya ya ce wannan ba Sallah ba ce, ni a zuciyata hamdala nake yi. A fili kuwa in taya shi jimami, don aure sai da haka.

Bayan ya yi ritaya hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko kofunan shayina ya ɗora wa laifi, wai sun cika santsi. Daga baya ya ce sanyin ƙasar nan ne. Sai da na tasa shi gaba har gaban likita, ita kuma ta gaya masa abin da na riga na gani: rawar ba za ta tafi ba, ƙaruwa za ta riƙa yi a hankali. A kwanakin nan ne na gano cewa idan na kama wuyan hannun, na danne shi da babban yatsana, sai ya lafa kamar yaron da aka tsawatar wa. Haka muka riƙa yi a ɓoye. In zai sa maɓallin riga, in zai sa hannu a takarda, in muna gidan suna aka miƙo masa kofi, sai in matso kamar zan gaya masa wata magana, in riƙe. Ba mu taɓa zancen ba, ni da shi.

Wata safiya muna karyawa ya ajiye cokali ya ce:

"Bana da hannuna zan yanka. Tun da na bar gida ban yi ba. In ban yi bana ba, ke ma kin san ba zan ƙara yi ba."

Na ce masa to a ina, a cikin bahon wanka? Council, hukumar unguwa, su kore mu daga flat ɗin da muke zaune, mu fito a labaran yamma? Na kuma tambaye shi me zai hana mu tafi Kano, inda akwai fili da raguna da masu riƙe ƙafa. Ya riƙa juya kofi. Sai na gane da kaina. A Kano ƙannensa za su ga hannun, su karɓe wuƙar cikin ladabi, su kawo masa kujera a inuwa. Kafin la'asar dangi kaf sun ji cewa Yaya ya tsufa, an fara yi masa sannu. Wurin da ba a san shi ba yake nema, inda in ya ji kunya kunyar ba za ta biyo shi gida ba.

Ashe ya riga ya gama shirinsa. A ƙasan flat ɗinmu akwai wani maƙwabci, ɗan Maroko, direban bas, mutumin kirki mai yawan alkawari. Duk shekara yana tafiya garinsu Fas ya yi Sallah da mahaifiyarsa. Malam ya daɗe yana tare shi a kan matakala yana yi masa kukan Sallar Landan, har bawan Allah ya gaji ya ce mu biyo shi. Na tabbata irin gayyatar nan ce ta fatar baki. Amma Malam ya cafke ta tun ba ta faɗi ƙasa ba.

"Na riga na yi booking ɗin jirgi," in ji shi. "Ba a cancel, ba a refund."

Jirgin irin mai arahar nan ne da ake auna jakarki kamar zinariya, saboda haka na zaɓi abin da ba zan rayu babu shi ba, wato ƙullin yaji, na cusa a cikin takalmi.

Gidan uwar maƙwabcin yana cikin tsohon gari, inda mota ba ta shiga. Lunguna ne kawai, wani ya haifi wani, in jaki ya taho da kaya sai ki manne da bango ki ja ciki. Tsohuwar 'yar ƙarama ce, mai hanci kamar na shaho, kuma a gidan nan ko kyanwa ba ta motsi sai da izininta. Ta sumbace ni a kumatu hagu da dama, ta ja baya ta ƙare mini kallo. Fuskata ba ta dame ta ba, damatsana ta duba. Na san kallon nan, irinsa uwar mijina ta yi mini ranar da aka kai ni. Auna ni take yi ta ga kwano nawa na hanji zan iya.

Aka kawo abinci a wata tukunyar ƙasa mai murfi kamar malfa. Da aka buɗe ƙamshi ya cika ɗaki, na gyara zama. Na kai loma, sai na ji zaƙi. Nama ne fa, naman rago sosai, amma an dafa shi da zuma da busasshen inabi da kirfa, kamar mai shirin yi wa amarya alkaki ta fasa. Babu barkono ko na rantsuwa. Cokali ma babu, da burodi ake dangwala, kuma duk abin da aka kawo burodin nan yana biye da shi kamar ɗan rakiya. Malam, mutumin da in na rage attaruhu a miya sai ya yi kwana yana mita, ya riƙa lumshe ido yana cewa ai wannan shi ne abincin asali. Na bar shi ya gama yabo, na sunkuya na kwance ƙullina. Can na ji hannu yana laluben cinyata a ƙarƙashin tebur. Ba soyayya ba ce, yaji yake nema.

Washegari aka shiga kasuwa. Ban taɓa ganin gari ya haukace a kan rago haka ba. Ana goya shi a wuya, ana tura shi a baro, na ga wani a bayan babur an rungume shi kamar mara lafiya za a asibiti. Kowace kusurwa da mai sayar da harawa, kusa da shi mai gawayi, kusa da shi mai wasa wuƙa yana taka keken dutsensa tartsatsi na tashi. Zaitun tuli-tuli, kore da baƙi da ja, da na'ana'a dami-dami. 'Yan kasuwa suna hango mu suka fara kiran sunayen ƙasashe, wannan ya ce Senegal, wancan ya ce Mali, duk wanda ya gaji ya ce Afirka, sai ka ce su a wata nahiyar suke zaune.

Malam ya ce in bar masa ciniki, ai yana da Larabci. Larabcin littafi ne da ya koya a zaure, mai wasali cikakke. Ya tsaya gaban mai gawayi ya tambayi farashi da murya irin ta limamin Juma'a. Mutumin ya saki baki, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji, suka sa Malam ya maimaita, suka yi masa tafi, sannan suka amsa masa da Faransanci. Daga ƙarshe direban bas ne ya yi cinikin komai, Malam yana gefe yana gyaɗa kai kamar shi ya ba da umarni.

A wurin zaɓen rago kam ya samu abin da ya daɗe yana nema. Duk bayanin da ya yi shekaru yana zubawa a rediyo, ranar ya same shi da ƙafafu huɗu a gabansa. Ya buɗe baki ya duba haƙora, ya leƙa ido, ya ɗaga kunne, ya sa aka zagaya da dabbar ya ga tafiyarta. Mai ragon ya gaji ya zauna. Muka tashi da wani fari mai baƙin ido da manyan ƙahoni, mai kallon raini. Sai wuƙa. Ya zaɓi doguwa mai ƙotar itace, ya ɗaga ta zai duba kaifinta a hasken rana. Tsinin ya fara kaɗawa. Mai wuƙar ya kalli tsinin, ya kalli Malam, ya kalle ni. Na matso na karɓe ta na ce a naɗe mana, na shiga masifar cewa takardar da zai naɗe da ita ba ta da tsabta, don dai a sami wani abin kallo.

A Fas saman soro ake ajiye rago. Aka tura namu ta wata matakala mai murɗewa, maƙwabci yana ja, Malam yana ba da shawara, ni ina turawa ta baya, wanda shi ne matsayina a yawancin al'amuran gidanmu. A sama muka tarar da na tsohuwar a ɗaure. Duk inda ka juya soraye ne, kowanne da ragonsa, suna kiran juna daga unguwa zuwa unguwa. Malam ya tsaya yana saurare, ya ce rabonsa da jin wannan kukan tun yana saurayi. Na kalli fuskarsa. A nan tausayinsa ya kama ni sosai, har na ji haushin kaina.

Mutanen Maroko sai sun ga wata da idonsu, don haka a shekarar Landan ta riga su Sallah. Muna zaune muna jiran tamu 'ya'yanmu suka kira daga unguwar Stratford a can Landan, sun ci ado, suna yi mana barka da Sallah da Turanci, suna tambaya ko Baba ya yi abin nasa. Ya ce musu gobe. Bayan ya ajiye wayar na lura ya tura hannun cikin aljihu, bai sake fito da shi ba har aka kira magariba.

Da safe aka sauko daga Idi, amma ba wanda ya taɓa wuƙa. Gidan kaf aka zauna gaban talabijin ana jiran sarkin ƙasar ya yanka nasa tukuna, kamar yadda muke jiran liman. Yana yankawa gari ya ɗauka. Sai ga abin da ban zata ba: mahauta suna yawo lungu-lungu da riguna jina-jina, wuƙaƙe a ɗamara, ana kiran su daga tagogi ana rige-rige. Ashe a ƙasar Sallar asali ma mahauci ake kira. Maƙwabcinmu da ya cika mana kunne a Landan da yadda suke yi a gida, ko kaza bai taɓa yankawa ba. Bambancinsa da Malam kawai shi yana ganin ragonsa kafin a sa a leda.

Mahaucin da aka samo mana ƙato ne mai sauri, gidaje da yawa suna jiran sa. Ya hau soro, ya kayar da ragon tsohuwar, kafin in gyara ɗaurin zanina ya gama. Tsohuwar ta riga ta jera mu, ni da 'ya'yanta mata, a bakin famfo da manyan robobi. Ba ta jin yarena, ba na jin nata, amma da ta nuna mini robar da ta fi girma na fahimta sarai. Na tsallake teku a jirgin sama don in zo in tsuguna a inda na baro.

Aka kwantar da namu, aka fuskantar da shi alƙibla. Mahauci ya danne shi da gwiwa, maƙwabci ya riƙe ƙafafun baya da hannu ɗaya, ya zaro waya da ɗayan zai ɗauki hoto. Na yi masa wani kallo daga bakin famfo, ya mayar da ita aljihu. Malam ya naɗe hannun riga, ya tsuguna, ya kama haɓar ragon da hagu, ya ɗauko wuƙa da dama.

Ban taɓa ganin hannun ya yi rawa irin ta ranar ba. Wuƙar tana kaɗawa tana walƙiya, ta ƙi tsayawa a wuri ɗaya. Ya janye, ya ja numfashi, ya sake kaiwa, ta ƙara. Mahaucin ya duba rana, ya yi wata magana a gajarce. Tsohuwar ta ɗaga murya tana nuna ragon, kuma ban buƙaci tafinta ba: cewa take kada a azabtar da dabba, kada a mayar da layya mushe. Gaskiyarta ne kuwa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Maƙwabcin ya sunkuyo ya ce da Turanci, a hankali:

"Uncle, ba mahauci ya yanka. Kai ka yi niyya kawai, lada ɗaya ne."

Malam ya san lada ɗaya ne. Shi ya yi shekaru yana gaya wa duniya haka. Na ga ya juya wuƙar, ya kama ta ta wajen kaifi, zai miƙa wa mahauci ƙotar. Bai kalli kowa ba. Wuyansa ya sunkuya irin yadda ban taɓa gani ba, ko ranar da likita ta yi masa bayani.

Ban san lokacin da na tashi ba. Hannuna duk ƙazantar tumbin ragon tsohuwa, na goge a zani, na ratsa ta tsakanin mazan. A garinmu mace ba ta zuwa wurin yanka, kuma daga yadda matan suka yi tsit na gane nan ma haka ne. Na tsuguna a bayansa, na mayar masa da ƙotar cikin tafin hannu, na kama wuyan hannun na danne da babban yatsa, daidai inda na saba. Ya yi tsalle sau ɗaya a ƙarƙashin yatsana, sannan ya lafa.

"Malam, yi bisimilla," na ce. "Rana tana yi, ga aiki yana jira na."

Ya yi bisimilla, ya yi kabbara da muryar nan tasa ta rediyo, ya ja. Ni ban ja ba, ban tura ba, riƙewa kawai na yi. Jini ya feso mana har gwiwar hannu. Mahaucin ya leƙa ya duba yankan, ya gyaɗa kai, ya ture mu gefe ya hau fiɗa, don shi ba tarihi ya zo kallo ba.

Kada wani ya zata an ɗaga mini ƙafa saboda wannan. Malam ya wanke hannu, aka sauka da shi ƙasa aka zuba masa shayin na'ana'a, ni kuma na koma bakin famfo, yanzu da hanjin raguna biyu. A lungu samari sun hura wuta a kan tsoffin ƙarafan gado suna babbakar kawuna, hayaƙi ya rufe gari. Su ma ranar farko ba sa taɓa tsoka, sai kayan ciki. Aka gasa hanta sama-sama, aka yayyanka, aka naɗe kowane yanki da kitsen nan mai kamar raga, aka soke a tsinke aka mayar kan garwashi. Wannan kam ban da abin cewa, ya yi daɗi. Tsohuwar ta zare tsinken farko, ta tsallake ɗanta, ta tsallake Malam, ta miƙo mini. Na barbaɗa yajina, na ba ta ta ɗanɗana. Ta yi tari har da hawaye, ta zage ni da yarensu, ta sake miƙo hantarta in ƙara mata.

Ko tsoka ɗaya ba mu dawo da ita ba, don ba a shigowa da nama Ingila. Aka rabar da shi can. Wuƙar ma a can muka bar ta, jirginmu ba ya ɗaukar irinta. Babu hoto, babu fata, babu ƙaho.

Tun daga ranar babu wanda ya huta a Peckham. Duk taron suna, duk ɗaurin aure, duk zaman gaisuwa, sai Malam ya karkato da hira zuwa Fas. Ragon yana ƙara girma duk shekara, yanzu ya kusa zama ɗan maraƙi. Mahaucin ya zama mutum uku, suna riƙe da shi da ƙyar. Ni ba na cikin labarin ko kaɗan, sai dai a wurin da ake cewa mata suna can suna aikinsu. Layya kuwa mun koma wa ledarmu, kuma bai sake cewa ba Sallah ba ce.

A Sallar da ta wuce abokansa suka zo mana, tsoffin 'yan rediyo, kowa da ciwonsa da ƙaryarsa. Hannun yanzu ya kai inda yatsana ba ya iya kwantar da shi, rabin kofi nake zuba masa, shi ma sai na kai masa baki in babu baƙi. Ya hau labarin, ya zo wurin yanka, ya ɗaga hannun sama ya ce da wannan hannun ya yanka. Hannun yana ta kaɗawa a gaban kowa. Wani abokinsa mai baƙin baki, wanda ya san ni ba na bari ƙarya ta wuce ta gabana ko ta liman ce, ya yi dariya ya juyo wurina.

"Hajiya, ke ce ba kya rufa wa kowa asiri. Tsakaninki da Allah, shi ya yanka?"

 Malam bai kalle ni ba, ya sauke hannun a kan gwiwa ya rufe shi da na hagu.

"Shi ya yanka," na ce. "Ina wurin. Babu wanda ya fi ni kusa."